Kunya a Bayan Labule: Abin da ke Hana Mata Gwajin Bakin Mahaifa

Mace za ta haifi 'ya'ya biyar ko shida a asibiti, ta sha awo, ta sha hannun ungozoma, amma ranar da aka ce ta zo a duba bakin mahaifarta alhali babu inda ke mata ciwo, sai ta gyara hijabi ta ce, "Ni? Haka kawai in je in kwanta a buɗe ni? Allah ya sawwaƙe." Ba wauta ba ce. Naƙuda ba ta barin wa kunya wuri, ciwo ne ke jan mace har kan gado. Shi kuwa wannan gwajin da ƙafarta za ta je, hankalinta a jikinta, tana jin duk abin da ake yi. Abin takaicin shi ne lokacin da lafiyarta ƙalau ɗin, a nan ne gwajin yake da amfani.

Sankarar bakin mahaifa ba ta faɗo wa mace dare ɗaya. Kusan dukkanta ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, kuma nau'i biyu kacal, na 16 da na 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari. Yawancin waɗanda suka ɗauki ƙwayar, garkuwar jikinsu kan kawar da ita cikin shekara ɗaya zuwa biyu ba su ma sani ba. Idan ta maƙale ne take fara sauya fatar bakin mahaifa sannu a hankali, kuma daga wannan sauyi zuwa sankara akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Gwajin yana farautar wannan sauyin ne tun bai zama komai ba. A 2020 an ƙiyasta mata kusan 12,000 sun kamu da wannan sankarar a Najeriya, kusan 8,000 sun rasu, kuma in ka cire sankarar mama babu wadda ta kai ta addabar matan ƙasar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara gwaji daga shekara 30, mai ɗauke da cutar HIV kuma daga 25, domin haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida.

Rabin fargabar rashin sanin abin da ke bayan labulen ne, don haka bari a faɗe shi dalla-dalla. Za ki cire ɗan kamfai ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwa. Malamar asibiti za ta shafa wa wani ɗan ƙarfe ko roba mai siffar bakin agwagwa man santsi, ta sa shi a gabanki, ta ɗan buɗa shi don ta hango bakin mahaifa. Daga nan ya danganta da irin gwajin da wurin ke yi. Wasu sukan goga ɗan burushi mai laushi su kai ɗakin bincike, ko dai a nemi ƙwayar HPV, ko a duba ƙwayoyin fatar ta hanyar da likita George Papanicolaou ya fito da ita a Amurka. Wasu kuma, musamman a ƙananan asibitocinmu, ruwan khal suke shafawa a jira minti ɗaya. Inda ya lalace yakan yi fari, a gani da ido nan take. Aikin kansa da wuya ya wuce minti biyar. Ba a yanka, ba a allura, ba a taɓa cikin mahaifa, kuma ba ya hana haihuwa, duk da abin da ake yaɗawa a gidajen suna.

Akwai zafi? Yawancin mata matsi suke ji da ɗan rashin daɗi, wasu kuma suna jin zafi da gaske, kuma bai kamata a ƙaryata su ba. Tsoro na sa naman wurin ya ɗaure, in ya ɗaure sai abin ya ƙi shiga cikin sauƙi, zafin ya ƙara tsoron. Ana iya warware wannan ƙullin da ƙananan abubuwa. Yi fitsari kafin ki hau gado. Ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali ta baki, ki saki cinyoyinki, in kuma tasbihi ne ke kwantar miki da hankali, ki riƙe shi. Na'urar ba girma ɗaya ba ce, akwai ƙarama, kina iya neman ta. Wadda jinin al'ada ya ɗauke mata takan samu bushewa, sai ta faɗa a ƙara man santsi. In rigingine ya gagara, ana iya yi kina kwance ta gefen hagu. Sama da duka, kalma ɗaya ta isa: "Malama, dakata." Dole ta dakata. Jikinki ne, kuma izinin da kika bayar kina iya janye shi ko ana tsakiyar aiki.

Sai batun a gan ki. Da yawa ba zafin ke damun su ba, tunanin abin da malamar za ta gani ko ta shaƙa ne: gashi, ɗinkin haihuwa, ruwan da ke fita, tumbin da haihuwa ta bari. Ita kuwa wannan aikinta ne na kullum, idonta na kan wani ɗan wuri guda can ciki. Wanka da tsarkin da kika saba sun wadatar. Hasali ma ƙoƙarin burgewa ɓata aikin yake yi: matsi, da cusa kayan mata, da wanke ciki da ruwan magani, duk suna iya rikita sakamako, shi ya sa ake so a bar su kwana biyu kafin ranar. A kuma zaɓi ranar da ba a haila. Zane ko dogon siket ya fi wando, don ɗagewa kawai za ki yi, sauran jikinki a rufe, hijabinki ma ba sai kin cire ba.

Ban yarda da masu cewa kunya ƙauyanci ce da ya kamata mace ta yar a bakin ƙofar asibiti ba. Macen da aka raina a kan tsare al'aura ba za ta sauya cikin minti goma don an yi mata lacca ba, kuma ba a buƙatar ta sauya. Za ta iya shiga da kunyarta, a yi gwajin, ta fito da abarta. Malaman addini sun daɗe da bayyana cewa neman magani lalura ce da ke halatta buɗe gwargwadon abin da ake buƙata, tare da fifita mace ta duba mace. Neman ma'aikaciya mace haƙƙinki ne, ki faɗa tun wurin yankar kati. In babu ita ranar, ki tambayi ranar da take nan. Kina iya zuwa da yayarki ko aminiyarki ta tsaya ta wajen kanki.

A nan dole a faɗa wa asibitoci gaskiya. Wani kason abin da ake kira kunyar mata, tabon wulaƙanci ne. Matar da aka daka wa tsawa a ɗakin haihuwa, aka gaya mata maganar da ba ta maimaituwa, ba ta manta ba. Labulen da bai kai bango ba, ƙofar da kowa ke turowa, ɗalibai da ke shigowa babu wanda ya nemi izini, waɗannan sun kori matan da babu wani gangamin wayar da kai da zai dawo da su. Malamar da ta ce, "Hajiya, sannu, yanzu zan taɓa ki, in kin ji zafi ki gaya mini," ta yi rabin aikin. Wadda kuma aka taɓa yi wa fyaɗe, ko kaciya, ko yankan gishiri, ba sai ta ba da labari ba. Ya isa ta ce, "Wannan abin yana mini wuya, a bi ni a hankali," ko ta fara zuwa a yi magana kawai, gwajin ya jira wata rana.

Akwai fargabar da ba a cika furtawa ba: in aka ce ina da ƙwayar fa, me maigida zai ce? Tunda ta hanyar saduwa ake ɗaukar HPV, sakamakon kan zama abin zargi, a gidan da ke da kishiyoyi kuwa har a fara nuna yatsa. Ya kamata maza su ji wannan da kunnensu. Kusan duk wanda ya taɓa saduwa zai haɗu da ƙwayar a wani lokaci na rayuwarsa, namiji na ɗauke da ita ba alama, kuma tana iya lafewa shekaru kafin gwaji ya gano ta. Ba ta nuna daga wa aka ɗauka ko yaushe. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samun ta. Samun ta kuma ba sankara ba ne. In an ga wurin ya fara sauyawa, akan ƙone shi da ɗan zafi ko a daskarar da shi da sanyi cikin mintoci, sau da yawa a ranar, mace ta koma gida da ƙafarta.

Ga wadda duk da haka ta kasa, akwai wata ƙofa. Gwajin HPV ana iya yin sa da samfurin da mace ta ɗauka da kanta, da ɗan tsinke mai auduga, ita kaɗai a ɗaki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Ostareliya ta buɗe wannan zaɓi ga duk matan da suka cancanci gwaji tun 2022. A wajenmu bai kai ko'ina ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi. Sai dai in sakamakon ya nuna akwai ƙwayar, za a buƙaci dubawa da ido. 'Yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 kuwa, allurar rigakafin da Najeriya ta fara bayarwa kyauta a Oktoban 2023 ce rabonsu.

Duk wannan bayani na mai lafiya ne. Wadda ke ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin haila da haila, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, ba jiran ranar gwaji za ta yi ba. Mata da yawa kan kai irin wannan jinin wurin malamar Islamiyya, a ce musu istihala ce, su yi tsarki su ci gaba da salla. Hukuncin sallar daidai ne, amma bai faɗi daga ina jinin yake fitowa ba. Wannan sai likita, kuma a cikin makon nan.