Sadakar da Ke Kwana a Asusu Kafin Ta Kai Ga Mabuƙata

A shekarar 2016 mujallar Chronicle of Philanthropy, wadda ke fitar da jerin ƙungiyoyin da suka fi samun gudummawa a Amurka, ta fito da sakamakon da ya sa aka yi ta cece-kuce. United Way, wadda ta daɗe tana riƙe da kambun, ta sauko. Wadda ta gaje ta kuwa ba ta da asibiti ko ɗaya, ba ta rabon abinci, ba ta haƙa rijiya. Sunanta Fidelity Charitable, kuma kamfanin hada-hadar kuɗi na Fidelity Investments da ke Boston ne ya kafa ta a 1991. Aikinta shi ne ta karɓi kuɗin sadakar mutane ta adana, har ranar da suka ce a ba wa wane.

Amurkawa na kiran irin wannan asusu DAF a taƙaice. Mutum zai buɗe shi a wata ƙungiya mai zaman kanta da aka yi wa rajista a matsayin ta agaji, ya zuba kuɗi ko hannun jari. Daga wannan rana dukiyar ta fita hannunsa a shari'ance, ko ya canza ra'ayi ba ya iya karɓo ta. Abin da ya rage masa shi ne ba da shawara: a ba wa makarantar kaza dala dubu, a aika wa gidan marayu kaza dubu biyar. Ƙungiyar na da ikon ƙi, amma da wuya ta ƙi muddin wanda za a ba yana da rajista mai kyau. Kafin shawarar ta zo, ana juya kuɗin a kasuwar hannun jari, suna haihuwa ba tare da haraji ya taɓa su ba.

Haraji shi ne ƙashin bayan lamarin. A ɗauka wata likita ta sayi hannun jari na dala 10,000, bayan shekaru ya kai 50,000. In ta sayar, gwamnati za ta yanki rabonta daga ribar 40,000. In kuwa ta miƙa hannun jarin kai tsaye ga asusun, wannan harajin ya faɗi, sannan a shekarar da ta bayar za a rage mata harajin kuɗin shiga bisa cikakkiyar darajarsa, iya gwargwadon da doka ta yarda. Rangwamen yana zuwa nan take, ko da sisi bai kai hannun wani mabuƙaci ba tukuna. Haka manyan attajirai ma ke yi. A ƙarshen 2012 da kuma 2013 Mark Zuckerberg ya miƙa wa gidauniyar Silicon Valley Community Foundation hannun jarin Facebook miliyan 18 a kowane karo.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Gidauniyar New York Community Trust ce ta buɗe asusu na farko a 1931, kuma shekara da shekaru abin ya tsaya a hannun gidauniyoyin birane da ƙungiyoyin addini. Shigowar kamfanonin kuɗi ce ta sauya komai. Bayan Fidelity, Vanguard ya kafa tasa ƙungiyar a 1997, Schwab ya biyo baya a 1999, sai a 2006 majalisar dokokin Amurka ta fayyace asusun a cikin doka. A 2020 Fidelity Charitable ta soke sharaɗin ajiye dala 5,000 kafin a buɗe, har malamin makaranta ma ya samu ƙofa. Rahoton shekara-shekara na National Philanthropic Trust ya nuna cewa a 2023 dukiyar da ke kwance a waɗannan asusu ta kai kusan dala biliyan 250, abin da aka fitar sadaka a shekarar kuma ya zarce biliyan 50.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, mai ba da dala goma ta wayarsa ma yakan bi ta wannan hanya. Wani ya ga roƙon taimako a Facebook, ko ya zo biyan kuɗin kaya a eBay aka tambaye shi ko zai ƙara dala ɗaya sadaka, ya danna. Rasit ɗin da zai shigo masa sau da yawa ba ya ɗauke da sunan ƙungiyar da ya zaɓa a matsayin wadda ta karɓa. Zai ga PayPal Giving Fund, ko kuma a shekarun baya Network for Good, wadda AOL da Cisco da Yahoo suka kafa a 2001. A can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, an rubuta cewa wadda sunanta ke kan rasit ɗin ce ta mallaki kuɗin, zaɓinsa kuma shawara ce. Ita za ta tantance ƙungiyar, ta tattara gudummawar mutane, ta aika a dunƙule, wani lokaci bayan makonni. In ta kasa samun ƙungiyar, tana iya ba wa wata mai irin aikinta. A kan wannan batu ne PayPal Giving Fund ta cim ma yarjejeniya da manyan lauyoyin gwamnatocin jihohi a 2020, inda ta amince ta riƙa yi wa masu bayarwa bayani a fili.

Amfanin tsarin ba abin musantawa ba ne. Ƙaramar ƙungiya mai ma'aikata uku ba ta da yadda za ta karɓi hannun jari ko fili ta sayar, asusun kuwa yana yi mata wannan. Kuma ga ƙungiyoyin Afirka, irin waɗannan masu shiga tsakani su ne ƙofa. Ba'amurke ba ya samun rangwamen haraji in ya aika kuɗi kai tsaye ga wata ƙungiya a Kano ko Maraɗi, sai ya bi ta wata ƙungiyar Amurka kamar CAF America, ko dandalin GlobalGiving da tsofaffin ma'aikatan Bankin Duniya biyu, Mari Kuraishi da Dennis Whittle, suka kafa a 2002. Su ne za su nemi takardun rajista da bayanan kuɗi da sunayen amintattu. Ƙungiyar da ba ta tsare littattafanta ba, komai kyan aikinta, nan take tsayawa. Musulmin Amurka ma sun shiga, domin American Muslim Community Foundation na buɗe wa iyalai irin wannan asusu. Ya yi kama da wakafi ta wajen fitar da dukiya daga mallaka, sai dai a wakafi ana tsare asali a raba amfani, nan kuwa ana iya rabar da duka a yini guda, ko a ƙi raba komai.

Wannan ƙin rabawar shi ne inda gizo ke saƙar. Gidauniyar da iyali suka kafa a Amurka dole ta fitar da kusan kashi 5 cikin ɗari na dukiyarta duk shekara, ta kuma bayyana wa jama'a waɗanda ta ba. Asusun DAF ba shi da wa'adi a doka, kuma mai shi na iya ɓoye sunansa. Masu kula da asusun suna kare kansu da cewa a jimlace suna fitar da fiye da kashi 20 a shekara, kuma wasunsu na da ƙa'idar taɓa asusun da ya daɗe a kwance. Masu suka, irin su Ray Madoff, farfesar shari'a a Boston College, suna cewa jimla na ɓoye gaskiya: mai rabar da komai a wata guda yana rufa wa wanda bai fitar da ko kwabo ba asiri. Ga kuma kuɗin da ake turawa daga wannan asusu zuwa wancan, ana lissafa su a matsayin sadaka. Su kuwa masu kula da asusun suna cajin ladan hidima gwargwadon abin da ke ajiye, don haka daɗewar kuɗin ba ta cutar da su.

Hujjar masu sukar ta fi ƙarfi. Rangwamen haraji kuɗin jama'a ne da gwamnati ta yafe don a yi wa jama'a aiki, kuma ba adalci ba ne a karɓi ladan yau a bar mai jin yunwa yana jira ba ranar zuwa. Sanya wa'adi ba zai hana kowa bayarwa ba. A 2021 sanatoci biyu, Angus King na Maine da Chuck Grassley na Iowa, sun gabatar da ƙudurin da zai sa mai son rangwame nan take ya rabar da kuɗin cikin shekara 15. Gidauniyoyi da masu kula da asusun da dama suka yi masa ca, kuma wa'adin majalisar ya ƙare ba a kaɗa ƙuri'a a kansa ba.