Ɗan Kwikwiyo A Sabon Gida: Hattara Masu Neman Karen Gadi A Ƙasar Kurfai

Duk mai cin kasuwar Lahadi ta Filinge, garin da ke da nisan kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da birnin Yamai, ya san cewa ƙasar Kurfai ƙasar dabbobi ce, kuma inda dukiya take, nan ɓarawo yake sa ido. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa da mata masu kiwon tumaki da awaki a cikin gida suke neman ɗan kwikwiyo domin ya girma ya zama mai gadi. A ƙasashen Turai akwai gidaje na musamman da ake tara karnukan da ba su da mai su, mutum ya je ya zaɓa, a ba shi da takardar allura. Mu a wajenmu kuwa, daga hannun makiyayi ko maƙwabci ake karɓo shi, wani lokaci ma yara ne suke tsinto shi a bayan mahauta. Ke nan aikin da waɗancan gidaje suke yi, a nan ya faɗo ne a kan wanda ya ɗauko.

Karen wannan yanki ba abin rainawa ba ne. Filinge tana cikin kwarin Dallol Boso, wanda ya gangaro daga kwarin Azawak, kuma sunan Azawak ɗin ne aka laƙaba wa shanun nan masu yawan nono da ake kiwo a tashar Tukunus, haka kuma aka laƙaba wa dogon karen nan siriri mai tsananin gudu da ake gani tare da Buzaye da Fulani. A shekarun 1970 aka fara kai irinsa Turai, a shekarar 2019 kuma babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sanya shi cikin jerin irin da ta amince da su. An san shi da riƙe mai gidansa da rashin sakewa da baƙo, halin da ake so ga mai gadi, amma yana iya zama fitina idan ba a rene shi da kyau ba.

Ta fuskar addini, littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani da ake karantawa a zaurukanmu ya ambaci halascin riƙe kare domin gona, ko dabbobi, ko farauta, kuma malamai da dama sun haɗa tsaron gida a ciki idan akwai bukata. Sai dai wanda ya ɗauko dabba ya ɗauki amana, domin hadisi ya ba mu labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa.

Abu na farko, kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya kai mako 8. A kwanakin farko zai yi ta kuka da dare, yana ɓuya a lungu, wani lokaci ya ƙi cin abinci. Wannan kewar uwa ce, kuma duka ba ya maganinta sai dai ya ƙara masa tsoro, kare matsoraci kuwa shi ya fi saurin cizo. A ware masa wuri guda mai inuwa nesa da madafa da wurin salla, da tsohon buhu na kwanciya, da kwanonsa na kansa. Ruwa kada ya yanke, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi yake wuce maki 40.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun yana ƙarami a riƙa nuna masa awaki da kaji da yaran gida, domin ya san na gida ne, a kuma hana yara jan wutsiyarsa ko taɓa shi yana cin abinci. A ba shi tuwo da miya marar yaji, da dafaffen nama ko kifi, sau 3 zuwa 4 a rana. Albasa da tafarnuwa da goro da cakulan suna cutar da kare, ƙashin kaza dafaffe yana iya huda masa hanji, maganin ɓera da ake ajiyewa a shago kuma yana kashe shi. Haka zalika, mahauta su daina jefa wa karnuka ɗanyar hanta ko huhu mai ƙullutun ruwa, domin ta nan kare yake ɗaukar wata tsutsar ciki da take komawa ga mutane da dabbobi.

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kwikwiyo ma yana iya ɗauke da shi. Cutar takan ɓoye a jiki wata 2 zuwa 3, kuma da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira. Alhali rigakafinta ya daɗe a duniya, tun shekarar 1885 da Bafaranshen nan Luwi Fasto ya yi wa wani yaro allurar ya rayu. Ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ita aka keɓe domin yaƙi da wannan cuta.

Saboda haka, da zarar kwikwiyo ya kai wata 3 a kai shi ma'aikatar kula da dabbobi a yi masa allura, a karɓi takarda a adana, a kuma tambayi ranar maimaitawa da maganin tsutsa da na kaska. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan daina yaɗuwa.

Idan kuwa kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen. Idan ya yiwu a tsare karen kwana 10 ana lura da shi, amma kada a jinkirta zuwa asibiti don jiran sakamako.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin lissafi. Kuɗin allurar kare guda bai kai kusa da kuɗin alluran da za a yi wa yaron maƙwabci idan an cije shi ba, ban da rigimar da za ta biyo baya har gaban mai gari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san ba zai iya ciyar da kwikwiyo da yi masa allura ba, gara ya sayi kwaɗo mai ƙarfi ya bar shi a wajen uwarsa. Allah Ya tsare mu da dukiyarmu, amin.