Kafin ka sayi sabuwar sansa, bari wayarka ta fara duba motar

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk mai zirga-zirga tsakanin Rigachikun da Kawo ya san darajar lita ɗaya. Shi ya sa idan fitilar Check Engine ta kunnu, mota kuma ta fara shan mai fiye da kima, bai kamata a yi biris ba. Wayar da ke hannunka za ta iya nuna maka inda matsalar take.

Abin da kake buƙata

Ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth, da manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da kafar OBD2 mai haƙora 16 a ƙasan sitiyari. Ka jona na'urar, ka murɗa makulli, ka haɗa ta da waya, lambar matsalar za ta fito.

Me sansar take yi?

Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga mai kashi 1. Sansar da ke jikin bututun salansa, kusa da inji, ita ke auna hayaƙi ta sanar da kwamfutar mota ko a ƙara mai ko a rage. Idan ta ba da bayanin ƙarya, aljihunka ne zai ji a jikinsa.

Lambobin da aka fi gani

P0031, ko P1135 a tsofaffin Toyota, na nufin matsala a layin hitar da ke ɗumama sansar. Fara duba fiyus da soket da wayoyin, domin zafin salansa kan ƙona su. P2195 na nufin sansar ta kafe a kan cewa mai ya yi kaɗan. P0171 kuwa cewa take yi iska ta rinjayi mai, kuma sau da yawa sansar lafiyarta ƙalau.

Gwajin minti biyar

Bari inji ya yi zafi, sannan ka buɗe Long Term Fuel Trim a manhajar. Idan ya haura +10% a tsaye, amma ya sauko da ka taka totur zuwa 2,500, to iska ce ke satar shiga ta wani tiyo da ya tsage. Idan ƙaruwa ya yi, ka zargi famfon mai ko sansar MAF, wadda ƙurar hunturu ke saurin rufewa.

Kada ka goge lambar kafin ka ɗauki hoton allon, domin bakanike zai buƙace ta. Idan kuma ta tabbata sansar ce ta mutu, ka tafi Panteka da lambar da ke jikin tsohuwar. Ita da sansar oksijin ta gama-gari kama kawai suka yi, ɗaya ba ta aikin ɗaya, ko da ta ɗauru daram.