Manomi, ka nemi mai saye tun kaya suna gona

Manomin ƙasar Gaya, Allah ya yi maka baiwa. Ruwan sama a nan ya fi na sauran ƙasar Nijar. Ga kogi, ga fadama, ga Dallol Fogha. Kana noma shinkafa, rake, rogo, dankali da albasa. Ga kasuwar Malanbil a ƙetaren gada, ga ta Kamba a ƙasar Najeriya. Amma sau nawa ka sha wahalar wata biyar, wani ya zo ya kwashe ribar cikin yini ɗaya? Noma rabin aiki ne, sayarwa ita ce sauran rabin. Kuma tun ran gini ran zane: kafin shuka ake shirya ta.

Kada ka dogara da ƙofa ɗaya

Iyaka ba ta shawara da manomi kafin ta rufe. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta. Ƙofar Kamba ba ta buɗe ba sai Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar Malanbil. Manyan motoci suka yi ta jira, kaya suka lalace a kansu. An buɗe iyakar Najeriya a watan Maris na 2024, amma gada ta ci gaba da zama a rufe, mutane sai ta kwale-kwale. A watan Oktoba na 2024 kuma gwamnati ta hana fitar da shinkafa da hatsi zuwa waɗannan ƙasashe biyu. Saboda haka kafin ka yi niyyar ƙetare iyaka da kaya, ka fara tambayar ma'aikatan duwan.

Kowane amfanin gona ka nema masa kasuwa uku. Ga ta gida. Ga Dosso, wajen kilomita 150. Ga Yamai, wajen kilomita 300. Abin da ba ya jira, kamar tumatir da ɗanyen rogo, kada ka shuka shi da yawa sai ka san wanda zai ɗauka. Abin da ke ajiyuwa, kamar shinkafa da wake, kada ka zubar da shi ranar girbi, lokacin da kowa ke sayarwa.

Alƙalaminka ya yi maka aiki

Ka yi karatun yaƙi da jahilci, ka iya rubutu da lissafi. To, ga ranarsu. Ka sami littafi ɗaya, ka rubuta duk abin da ka kashe: iri, taki, magani, man injin ban ruwa, ƴan ƙwadago, buhuna.

Ga misali. Ka kashe jikka 90, ka sami buhu 10. Ke nan kowane buhu ya tsaya maka jikka 9. A Gaya ana saye jikka 11. Wani a Dosso ya ce zai ba ka jikka 13. Kada ka yi saurin murna. In kuɗin mota da dako da haraji sun ci jikka 3 a kan buhu, jikka 10 ce za ta shiga aljihunka. Kasuwar gida ta fi. In kuwa da naira za a biya ka, ka tambayi canjin ranar, domin darajarta ta faɗi ƙwarai a 2023 da 2024.

Salula ita ce ɗan aikenka

Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, ta binciki kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili shi ne ɗan kasuwa yana jin farashi tun bai hau mota ba. Kai ma sai ka ji shi tun ba ka ɗora buhu a amalanke ba.

Hukumar SIMA tana tattara farashin kasuwannin ƙasa. RECA, wato haɗakar majalisun manoma, tana ba da shawara ta waya da WhatsApp cikin Hausa da Zabarmanci. Ka nemi lambarsu wajen malamin gona.

In za ka yi tallan kayanka ta WhatsApp ko Facebook, ka kiyaye waɗannan:

1. Ka rubuta sunayen masu saye biyar ko shida da lambobinsu. Ka sanar da su mako biyu kafin girbi.
2. Ka ɗauki hoton kayan da rana. Ka kwance bakin buhu a ga ciki.
3. Ka faɗi abu huɗu: irin kaya, yawansu, farashi, da wurin ɗauka.
4. Saƙon murya yana da sauƙi, amma in ciniki ya faɗa, a rubuta shi: buhu nawa, kuɗi nawa, wace rana, wa zai biya mota.
5. Abin da ke cikin hoto shi za ka ɗora a mota. Wanda ya sa mai kyau a sama, ruɓaɓɓe a ƙasa, sau ɗaya zai ci. Hoton algus ɗinsa zai zagaya kasuwa kafin motar ta dawo.

Hattara da mazambata

Hoton takardar biya ba kuɗi ba ne. Kada kaya su bar hannunka sai ka karɓi kuɗinka, ko ka je ofishin aika kuɗi ka tabbatar sun iso. Baƙon da ba ka sani ba, ya fara ba da kafin alƙalami. Lambar sirri ta asusunka kuwa, kada ka faɗa wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ba kowa ke da babbar salula ba, kuma ba dole ba ne. Guda ɗaya ta ishi ƙungiya. Ku ba magatakarda ita, ya riƙa karanta muku farashi a wurin taro. Haka ƙungiyoyin mata masu turara shinkafa da masu yin ƙuli-ƙuli. Mai buhu 5 shi ke bin ɗan kasuwa yana roƙo. Mutum 20 masu buhu 100, ɗan kasuwa ne zai turo musu mota har bakin gona.

Kafin shukar da ke tafe, ka buɗe littafinka ka amsa tambaya uku: me zan noma, wa zai saya, in hanyarsa ta toshe wa zan kira? Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai kyau.