Agogon Auna Bugun Zuciya: Yaya Gaskiyar Lissafinsa?

A 'yan shekarun nan an sami yaɗuwar wani irin agogon hannu wanda, ban da nuna lokaci, yakan ƙidaya bugun zuciyar mai ɗaure da shi. Daga cikin alƙaluman da yake bayarwa akwai wanda ake kira bugun hutu, watau yawan bugun zuciya a minti guda sa'ad da mutum yake zaune bai motsa ba. Likitoci sun ce ga baligi mai lafiya wannan adadi yakan kama daga 60 zuwa 100, ko da yake na 'yan wasan guje-guje yakan sauka har wajen 40.

Agogon dai ba ya jin zuciya kai tsaye. A bayansa akwai ƙananan fitilu masu haska koren haske cikin fatar tsintsiyar hannu. Jini yana shanye koren haske, saboda haka duk lokacin da zuciya ta turo jini sai hasken da ke dawowa ya ragu, in ta saki ya ƙaru. Wannan raguwa da ƙaruwa ita agogon ke ƙirgawa. Na'urar asibiti kuwa lantarkin zuciyar take aunawa, shi ya sa da ita ake gwada sauran.

To, idan mutum yana zaune, lissafin agogon bai cika kaucewa da yawa ba. A 2017 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada iri bakwai a kan mutum 60, suka tarar shida daga ciki kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Sai dai sun lura kuskuren ya fi yawa ga masu duhun fata, kuma wannan batu ya shafe mu, domin sinadarin da ke sa fata baƙi shi ma yana shan koren haske. A 2020 wani bincike a Jami'ar Duke bai ga bambanci mai ƙarfi tsakanin launukan fata ba, amma ya nuna kuskure yakan ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100 idan ana motsi. Sakin maɗauri da sanyi, irin na hunturu mai rage gudun jini a fata, su ma suna rikita shi.

A ganina babbar matsalar tana ga ma'anar kalmar "hutu" kanta. Kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kanta ba. Garmin yakan ɗauki mafi ƙarancin matsakaicin minti 30 a cikin yini, Fitbit kuwa yakan haɗa da lokacin barci, alhali zuciya takan lafa ƙwarai a cikin barci. Ke nan abokai biyu masu agogo daban-daban, ɗaya na ganin 58 ɗaya 66, ba su da dalilin yin gardama a kan wanda ya fi lafiya.

Inda agogon ya fi amfani shi ne kwatanta mutum da kansa. Wanda ya saba ganin 62, sai ya wayi gari kwana uku a jere yana ganin 75, ya kamata ya duba ko zazzaɓi ne ke tafe, ko ƙarancin barci, ko yawan shayi da goro. Mai shakka ya ɗora yatsu biyu a jijiyar tsintsiyarsa da asuba kafin ya tashi, ya ƙirga na minti guda. In kuwa akwai jiri ko ciwon ƙirji, asibiti za a nufa, ko da agogon ya nuna 70.