Zaɓen Sunan Shafin Yanar Gizo: Bayani Ga Ƙananan Hukumomi, Makarantu da Ƙungiyoyin Manoma

A 'yan shekarun nan ana samun ƙaruwar ƙungiyoyin gama kai, makarantu da 'yan kasuwa a ƙananan hukumomin arewacin Jihar Kano waɗanda ke neman buɗe shafinsu na yanar gizo. Dalilin a bayyane yake. Mai sayen riɗi ko zoɓo daga Legas ko daga ƙasashen waje, kafin ya tura wakili kasuwar Dawanau, yakan fara neman ganin adireshin wanda zai yi ciniki da shi, haka nan hukumomin da ke ba da tallafi sukan nemi adireshin ƙungiya a kan takardar neman taimako. Abin da aka lura da shi shi ne, galibi shugabanni kan mayar da hankali ga hotuna da jawabin maraba da za a sa a shafin, amma sunan shafin sai a bar wa yaron da ke shagon kwamfuta ya zaɓa cikin 'yan mintoci. Alhali kuwa hoto ana sauya shi a yini guda, suna kuwa idan ya hau allon ofis da kan takardar wasiƙa da buhunan kaya, sauya shi sai da asara.

Mene ne sunan shafi?

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da jerin lambobi da ake gane ta da su. Da yake mutum ba zai iya riƙe irin waɗannan lambobi a ka ba, aka ƙirƙiro tsarin da ke ɗora suna a kansu. Wanda ya rubuta buk.edu.ng a wayarsa, tsarin ne ke mayar da sunan zuwa lambobi ya kai shi shafin Jami'ar Bayero. Sunan yana da sassa da ɗigo ke raba su: sashen farko shi ne wanda mai shafi ya zaɓa wa kansa, na ƙarshe kuma, wanda za mu kira wutsiya, shi ke nuna irin ma'aikatar ko ƙasar da take.

Akwai ƙa'idoji biyu da ya wajaba kowa ya riƙe. Ta farko, suna ɗaya mutum ɗaya ne ke riƙe da shi a duk duniya, kuma wanda ya riga yin rajista shi ke samu. Ta biyu, ba a sayen suna a mallake shi har abada. Mutanen wannan yanki, inda babu taƙin ƙasar da ba ta da mai ita, sun san bambancin gonar gado da gonar haya. To sunan shafi gonar haya ne: ana biyan kuɗinsa shekara-shekara, ko a biya na 'yan shekaru a dunƙule, kuma ranar da aka daina biya, wani na iya shiga.

Wutsiyar da ta dace da kowa

Wutsiyar .com ita ce aka fi sani, ta kuma samo asali ne daga Amurka, inda aka yi rajistar sunan farko da ita a watan Maris na 1985. Kowace ƙasa kuma tana da tata wutsiyar mai haruffa biyu: ta Nijeriya .ng, ta maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar .ne. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ce ke kula da wutsiyar Nijeriya, kuma ba ta hannunta kai tsaye jama'a ke yin rajista ba, sai ta hannun kamfanonin da ta amince da su, waɗanda ta jera sunayensu a shafinta.

A ƙarƙashin .ng an yi rabo. Ɗan kasuwa yana da .com.ng, ƙungiyar sa kai ko ta gama kai tana da .org.ng, makarantun firamare da sakandare suna da .sch.ng, manyan makarantu kuma .edu.ng. Ita kuwa .gov.ng an keɓe ta ga hukumomin gwamnati kaɗai, kuma Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, wato NITDA, ita ke tantance masu nema kafin a bayar. Saboda haka sakatariyar ƙaramar hukuma ba ta da hujjar zama a kan .com ko .org, inda kowa ke iya yin rajista ba tare da an tambaye shi ko shi wane ne ba. Hukumar tana da nata ƙa'idojin tsara sunayen hukumomin jihohi da na ƙananan hukumomi, don haka jami'in da aka ɗora wa aikin ya tuntuɓe ta tun kafin a kira mai fenti ya rubuta allo.

Ga manomi da ɗan kasuwa akwai wata fa'ida ta aljihu. Farashin .com da dala ake ƙayyade shi, kuma tun bayan sauyin da aka yi wa kasuwar canji a 2023, duk wanda ke biyan wani abu da dala ya ji a jikinsa. Wutsiyar Nijeriya da naira ake biyanta.

Matsalar haruffa masu ƙugiya

A nan ne mai Hausa ke da aikin da mai Turanci ba shi da shi. Tsarin sunaye na asali yana karɓar haruffan Turanci 26 ne kawai, da lambobi daga 0 zuwa 9, da karan ɗori. Babu tazara tsakanin kalmomi, babu bambanci tsakanin babban baƙi da ƙarami, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu kuma alamar da ke gaban kalma irin 'ya'ya ko cikin ma'aikata. Gaskiya ne an faɗaɗa tsarin daga baya, har ma a 2010 ƙasashen Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka sami wutsiyoyi da rubutun Larabci. Amma ba kowace ma'aikatar rajista ke karɓar haruffanmu ba, kuma mutane da yawa ba su da su a allon wayarsu. Shawarar da ta fi ita ce a ɗauka babu su.

Idan aka cire ƙugiya kuwa, kalma na iya sauya ma'ana. Ƙasa ta koma kasa, ƙura ta koma kura, ƙoƙo ya koma koko, ƙare ya koma kare. Mai masaukin da ya so kiran shafinsa gidan baƙi zai wayi gari da gidanbaki. Shagon da ke bakin kasuwa idan ya rubuta bakinkasuwa, wani zai karanta baƙin kasuwa. A cikin jimla mai karatu yakan gane abin da ake nufi daga sauran kalmomi, amma sunan shafi shi kaɗai yake tsaye, babu abin da zai taimake shi. Don haka kafin a tsayar da suna, a rubuta shi a takarda ba ƙugiya, ba tazara, a miƙa wa wanda bai san maganar ba ya karanta da babbar murya. Idan ya yi tuntuɓe, ko ya yi dariya, a sake wani. Hausa tana da wadatar kalmomi marasa ƙugiya da suka dace da wannan aiki: noma, gona, hatsi, kasuwa, taki, rani, albarka, himma.

Sunayen garuruwanmu ma suna da tasu rigimar. Ana rubuta Dambatta, ana rubuta Danbatta, wasu da t ɗaya. Takardun gwamnati suna rubuta Bichi, mai bin ƙa'idar rubutun Hausa kuma zai rubuta Bici. Rimin Gado wani ya haɗe, wani ya raba. Abin da ya dace shi ne a bi rubutun da ke kan takardun hukuma da allunan hanya, sannan idan da hali a yi rajistar ɗayan rubutun ma, a juya shi zuwa shafi guda, don duk wanda ya rubuta ko wanne ya iso. Haka za a yi idan sunan wuri ya sauya, kamar yadda aka mayar da sunan Ƙaramar Hukumar Kunchi zuwa Ghari: ƙungiyar da ke da tsohon suna a adireshinta ta yi rajistar sabon, amma kada ta saki tsohon nan da nan, domin yana kan takardun da suka riga suka bazu.

Har ila yau a kula da sunayen da ake tarayya a kansu. Dawaki kaɗai bai isa ba, tunda akwai Dawakin Tofa akwai Dawakin Kudu, ga kuma Tofa ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta. Sabon Gari da Tudun Wada kuwa kusan babu babban garin Arewa da ba shi da nasa.

Gwajin kunne

A karkara adireshi ba a ido yake yawo ba, a baki yake yawo. Za a faɗe shi a sanarwar rediyo, a taron ƙungiya, a ƙofar gidan dagaci, ko a waya ranar kasuwa cikin hayaniya. Sunan da ya dace shi ne wanda mutum zai ji sau ɗaya ya rubuta daidai. Ƙa'ida ta yarda sashe ɗaya na suna ya kai haruffa 63, amma wannan iyaka ce, ba shawara ba. Kalma biyu, iyaka uku gajeru, sun wadatar.

A ce wata ƙungiyar manoman rani ce a yankin madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai. Cikakken sunanta a takardar rajista zai iya kai kalma takwas ko tara na Turanci. Idan aka zuba su duka a adireshi, babu mai rubuta su ba kuskure. Idan kuma aka tsinci harafin farko na kowace kalma aka yi taƙaitaccen suna, sai a sami tarin baƙaƙen da ba sa furtuwa, kuma ko mambobin ba za su tuna jerinsu ba. Sana'a da wuri sun isa: noma da Watari, ko albasa da Bagwai. Wanda ya ji ya san abin da ake yi da inda ake yi.

A guji karan ɗori, domin mai sanarwa ba shi da hanyar faɗinsa cikin sauƙi, kuma wanda ya manta da shi zai faɗa shafin wani. A guji lamba, don mai sauraro ba zai san ko 2 zai rubuta ko biyu ba. A guji gauraya Hausa da Turanci a suna guda. Sannan a guji sa shekara, ko sunan shugaba mai ci, ko taken wata tafiyar siyasa. Wa'adin shugaba yana ƙarewa, ƙaramar hukuma da makaranta kuwa suna nan, kuma ba kowane sabon shugaba ne ke son gadon allon da ke ɗauke da sunan wanda ya gada ba.

Kada a raɓi sunan wani

Wasu na ganin dabara ce su ɗauki sunan da ya yi kama da na wani banki, ko kamfanin taki, ko hukumar gwamnati, don su ja jama'a. Wannan laifi ne. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta amfani da sunan wani ko tambarin kasuwancinsa a matsayin sunan shafi da gangan ba da izini ba don a tauye masa haƙƙi, ta kuma tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun. A lura kuma cewa rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni daban take da rajistar sunan shafi. Samun ɗaya ba ya ba mutum ɗayan. Wanda zai fara sabuwar sana'a ya duba wuraren biyu kafin ya tsayar da suna.

Wannan bayani yana da amfani ga wanda ba shi da niyyar buɗe shafi ma. 'Yan damfara da ke tallar ɗaukar aiki ko rabon tallafin noma na bogi da irin wannan kamanni suke farauta: su ƙara harafi, su rage harafi, ko su sa kalmar gov a tsakiyar suna amma wutsiyar ta zama wata daban. Abin dubawa shi ne ƙarshen sunan, wato abin da ke gab da layin nan mai karkata na farko. Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su riƙa jan hankalin matasa kan wannan kafin su tura kuɗi ko lambar shaidar ɗan ƙasa.

Sunan wa ke kan takarda?

Ko an zaɓi suna mai kyau, saura tambaya ɗaya, kuma a ganinmu ita ce aka fi sakaci da ita. Lokacin rajista ana rubuta sunan mai riƙe da shafi da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Sau da yawa wanda aka ba kwangilar gina shafin nasa yake sawa, ba don mugunta ba, sai don shi ya fi sauƙi. Bayan shekara guda ya tafi hidimar ƙasa ko ya sauya layi, saƙonnin tunatarwa na biyan kuɗi suna shiga akwatin da babu mai buɗewa. Wa'adi ya cika, shafi ya rufe, imel ɗin ƙungiya da ke ɗauke da sunan shi ma ya tsaya. Ana ba da ɗan lokaci na fansa, yawanci da ƙarin kuɗi, bayansa kuma sunan ya koma kasuwa. Wanda ya ɗauka yana iya neman kuɗi mai yawa kafin ya mayar, yana kuma iya abin da ya fi haka muni: ya riƙa karɓar wasiƙun masu sayen kaya da sunan ƙungiyar, ya aika musu da lambar asusunsa.

Saboda haka a yi rajista da sunan ƙungiya ko hukuma, ba da sunan mutum ba. Imel ɗin da za a bayar ya zama na ofis, wanda aƙalla mutum biyu, kamar sakatare da ma'aji, suka san kalmar sirrinsa, kuma kada ya zama imel ɗin da ke kan shi sunan da ake rajistar, don idan sunan ya tsaya ba za a ga saƙon gargaɗi ba. A karɓi rasit da bayanan shiga daga hannun ɗan kwangila kafin a biya shi cikon kuɗinsa. A rubuta ranar ƙarewar wa'adi a littafin taro, a sa kuɗin sabuntawa cikin kasafin shekara. A sakatariyar ƙaramar hukuma kuma, sunan shafi da bayanan shigarsa su shiga cikin takardar miƙa aiki, tare da motoci da makullan ofis, duk lokacin da aka yi wa jami'in da ke kula da su sauyin wurin aiki.