Katangar Da Ke Tare Mai Idan Tanki Ya Fashe

Ranar 2 ga Janairun 1988, wani katafaren tankin kamfanin Ashland ya tsage a Floreffe, jihar Pennsylvania ta Amurka, ana tsaka da cika shi da man dizal. Galan kusan miliyan 4 ya kwararo lokaci guda, ya tsallake katangar da aka kewaye tankin da ita, dubban ɗaruruwan galan suka gangara kogin Monongahela. Jama'a da dama suka wayi gari babu ruwan famfo, ga tsananin sanyi.

Alhali kuwa akwai doka tun 1973, wadda Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ke kula da ita. Duk wurin da tankunansa na doron ƙasa suka haura galan 1,320 a jimlace, kuma man zai iya kaiwa ga ruwa, dole ya tanadi shirin hana malala. Game da katanga, abin da dokar ta ce gajere ne: ta iya ɗauke dukkan abin da tanki mafi girma ke ci, sannan a bar isasshen sarari na ruwan sama.

A kan wannan sarari ake yin sakaci. Masu aikin sun saba cewa "a yi kashi 110", wato abin da tanki mafi girma ke ci da ƙarin kashi 10 cikin ɗari, har wasu na zaton haka dokar ta faɗa. Dokar Ingila ta 2001 ce ta ambaci adadin. Ta Amurka ta bar wa injiniya ya auna ya sa hannu. A ganina wannan ya fi dacewa, domin saman kowane gari da irin ruwansa.

Mu ɗauki tanki mai cin galan 10,000, a fili mai tsawon ƙafa 30 da faɗin ƙafa 20. Katangar ƙafa 2 da kwata za ta riƙe man cif. Ƙarin kashi 10 ɗin nan bai kai inci 3 ba. To, idan aka kwana ana sheƙa ruwa har inci 6 ya taru, galan sama da 2,200 ke nan kwance a ciki, fiye da ninki biyu na sararin da aka bari. Shi ya sa injiniyoyi da yawa ke lissafi da ruwan kwana guda mafi ƙarfi da ake tsammani sau ɗaya a shekara 25. In akwai wasu tankuna a filin, sai a debe wurin da gindinsu ya cinye.

Saura magudana. Bakinta a rufe yake zama, da hannu ake buɗewa, sai an leƙa an tabbatar babu ƙyallin mai a kan ruwan. Wanda ya bar shi a buɗe don gudun wahala ya yi asarar siminti kawai.

Mai karatu, in kana da tankin dizal na janareta a ma'aikata ko asibiti, ɗauki abin awo ka gwada katangarsa kafin damina ta kankama.